Tuƙa Tsohon Jirgin Fasinja a Kwamfutar Gida: Tambayoyi da Amsoshi daga Jos

Masu sha'awar tuƙin jirgin sama a kwamfuta sun fara yawa a Jos, kuma galibinsu da Airbus A320 ko Boeing 737 na zamani suke farawa. Ana nan sai wani ya ga hoton ɗakin matuƙin DC-6, agoguna birjik tun daga gaba har rufi, ya ce shi ma sai ya gwada. Tambayoyin da ke ƙasa su ne irin waɗannan 'yan'uwa suka fi yi mini. Ra'ayina kuwa ba ɓoyayye ba ne: tsohon jirgi ya fi koya wa mutum tuƙi, muddin ya yarda ya riƙe shi yadda mutanen da suka riƙe shi, kunne a kan inji, ido a kan agogo, fensir a hannu.

Malam, wannan ba wasan bidiyo ba ne kawai?

A kasuwa dai cikin wasanni ake sayar da shi. Amma jiragen da muke magana a kansu, daga littattafan kamfanin da ya ƙera na gaskiyar aka gina su. Kusan kowane maɓalli yana aiki, kowane agogo kuma abin da ke faruwa a cikin injin yake nunawa. Ka ɗora wa inji wuta da sanyinsa, ya lalace. Ka mance ba ka sauya tanki ba, mai ya yanke maka a sama. Babu maki, babu abokin gaba. Aikinka ka ɗauki jirgi daga nan ka ajiye shi can lafiya, injinansa ma lafiya.

Wane jirgi ne ake kira tsoho, kuma me ya haɗa mu da su?

Iri biyu ne. Akwai masu farfela da injin fistin, irin su Douglas DC-3 da ya fara tashi a watan Disambar 1935, da DC-6 da ya biyo baya a 1946, da Lockheed Constellation mai jela uku. Sai jiragen jet na farko-farko: Boeing 707 da 727 da 747-200, da Fokker F28, da BAC 1-11.

Abin da ya haɗa mu da su yana da yawa. Tun Nuwamban 1925 jiragen sojan Birtaniya uku suka iso Kano daga Masar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Kano ta zama zangon manyan jirage masu inji huɗu na kamfanonin Turai BOAC da KLM da Sabena: su ƙetaro Sahara, su sha mai, su wuce Kongo ko Afirka ta Kudu. An kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, WAAC, a 1946, daga cikinsa Nigeria Airways ya fito a 1958, mai tambarin giwa da fiffike, ya yi aiki har 2003. Ya tuƙa DC-3 da Fokker F27 da F28 da Boeing 707 da DC-10. Dattawan da suka sauke farali a shekarun 1970 zuwa 1990, da yawansu a cikin irin waɗannan jirage suka je, wasu a na Kabo Air. A nan Jos ma, har gobe akwai unguwar da ake kira da sunan tsohon filin jirgi, ko da yake filin ya daɗe da komawa Heipang. Saboda haka in ka tada DC-3 daga Jos ka nufi Kano, hanyar iyayenka ka bi.

Wace manhaja zan saka? Ga tsadar data, ga ɗauke wuta.

Uku ne a gabanka. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya fi kowanne nuna ƙasarmu, domin hotunan tauraron ɗan'adam yake shimfiɗawa. Za ka gane Bukuru, ka gane kududdufan haƙar kuza da ke warwatse kudu da gari, ka ga inda tudun Filato ya yanke ya gangara. Sai dai sauke shi ya haura gigabait 100, kuma yana ci gaba da jan data in kana tuƙi. Na 2024 ya fi shi dogaro da intanet, domin kusan komai jawowa yake yi a lokacin da kake sama. Wanda intanet ɗinsa ke rawa, ba na ba shi shawarar farawa da shi.

X-Plane 12 na kamfanin Laminar Research yana aiki ba intanet da zarar ka saka shi, kuma yana barin ka zaɓi yankin duniyar da za ka sauke. Ka ɗauki Afirka ta Yamma kawai, ka bar saura. Yana da na gwaji kyauta, wanda zai nuna maka ko kwamfutarka za ta iya ɗauka kafin ka kashe ko sisi. FlightGear kuwa kyauta ne ɗungurungum.

In ka zaɓi na Microsoft, shiga saitin data ka ɗora iyakar abin da zai ci a wata, ka kuma ware masa wuri a faifai inda zai riƙa ajiye wuraren da ka saba bi. Hanyar Jos zuwa Abuja ba za ta sake cin kuɗinka sau biyu ba.

Batun wuta: mai laftof ya huta, batir zai riƙe shi har a tada janareta. Mai babbar kwamfuta dole ya nemi UPS ko inbata. RAM kada ya gaza gigabait 16, a sami katin girafik na daban, da faifan SSD. Kuma da hunturu a riƙa buɗe kwamfutar ana hure ƙura daga fankokinta. Sanyin Jos yana taimakon na'ura, amma ƙurar Disamba tana toshe ta.

Sai na sayi sitiyarin jirgi mai tsada?

A'a. Sandar tuƙi guda mai murɗawa, irin Logitech Extreme 3D Pro, ta ishe ka farawa, kuma ana samun ta hannu a shagunan kwamfuta irin na Banex a Abuja. Da allon rubutu kaɗai kam ba za ta yiwu ba. In kuɗi ya ƙaru, fedar ƙafa za ka fara saya kafin sitiyari, domin tsohon jirgi da ƙafa ake tsare shi a kan titi. Bayan nan sai akwatin totur mai hannuwa da yawa, irin Honeycomb Bravo, wanda ake iya shirya shi don inji huɗu.

Da wanne zan fara, DC-3 ko DC-6?

DC-3. Microsoft ya ƙara shi kyauta a manhajar 2020 a Nuwamban 2022, lokacin bikin cika shekara 40 da fitowar Flight Simulator na farko. Inji biyu gare shi, Pratt & Whitney R-1830, kowanne silinda 14 da ƙarfin doki 1,200. Gudunsa a sama bai cika wuce mil 150 na teku a awa ba, don haka kana da lokacin yin tunani.

DC-6 na kamfanin PMDG, wanda ya fito wa manhajar Microsoft a 2021, wani mataki ne daban. Injinansa huɗu R-2800 ne, kowanne silinda 18 a layi biyu, girmansa kusan lita 46. A zahiri mutum uku ke tuƙa shi: matuƙi, mataimakinsa, da injiniyan da ke zaune tsakaninsu a ɗan baya yana kula da injina. Kai kaɗai za ka ɗauki aikin mutum uku. Wanda bai iya sarrafa inji biyu ba, huɗu za su rikita shi, ya tsani jirgin a banza.

Na danna sitata, farfela na juyawa, amma inji ya ƙi kamawa. Me ya faru?

Galibi ɗaya daga cikin uku: ba a buɗe hanyar mai daga tanki ba, ko ba a kunna magneto mai ba fulogi wuta ba, ko an cika masa mai ya shaƙe. Amma bari in ɗan tsaya a nan, domin tada irin wannan inji shi ne abin da ya fi burge ni a duk harkar.

Silindojin a zagaye suke, wasu kansu sama, wasu kansu ƙasa. In jirgi ya kwana, baƙin mai yana tsiyaya ya taru a na ƙasan. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. In injin ya kama da wannan mai a ciki, fistin zai doki abin da ba ya motsi, sandarsa ta lanƙwashe. Shi ya sa ake fara juya farfela da sitata alhali wutar fulogi na kashe, ana ƙirga fukafukanta suna wucewa: uku, shida, tara, sha biyu. In ta juya sumul ba ta cije ba, sai a kunna magneto, a ɗan tsarga mai. Za ka ji tari ɗaya, shiru, sai biyu a jere, hayaƙi fari-fari ya turnuƙe bayan fiffike, jirgin duka ya girgiza, sannan silindojin su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya har sautin ya daidaita. A lokacin ne za ka tura hannun haɗin mai gaba. Idonka kuma nan take ya koma kan agogon matsin baƙin mai. In allurar ba ta ɗaga cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe shi, kada ka jira.

A DC-6 ana farawa da inji na 3, sai na 4, sai na 2, sai na 1. Daga hagu ake ƙirgawa, wato na 3 shi ne na dama da ke kusa da jikin jirgi. Bayan sun kama, a bar su wajen juyi 1,000 a minti har baƙin mai ya kai digiri 40. Da safiyar Janairu a Heipang wannan jiran yana da ɗan tsawo. Yi amfani da shi ka shirya rediyoyinka.

Hannuwan nan masu yawa da ke tsakiya, me kowanne yake yi?

Totur yana ƙayyade matsin iskar da ke shiga inji, ana karanta shi da inci a agogon da aka rubuta MP. Hannun farfela yana ƙayyade yawan juyi a minti, ta hanyar murɗa fukafukan farfelar su ciji iska da yawa ko kaɗan. Na uku shi ne haɗin mai da iska: mai kauri don tashi da hawa da sauka, mai sauƙi don doguwar tafiya.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce ta jeri. In za ka ƙara ƙarfi: haɗin mai, sai juyi, sannan totur. In za ka rage: totur tukuna, sannan juyi. Matsi mai yawa a kan juyi kaɗan yana sa mai ya fashe a silinda kafin lokacinsa, abin da ke huda fistin ke nan. A DC-3 ana tashi da inci 48 da juyi 2,700, kuma na 'yan mintuna ne kawai. Da ka ɗaga ka naɗe tayoyi, sai ka sassauto. A tafiya wajen inci 30 da juyi 2,050 ya wadatar.

Akwai kuma ƙofofin iska da ke kewaye da murfin inji. Iska ce ke sanyaya waɗannan injina, ba ruwa ba. A ƙasa ƙofofin a buɗe suke gaba ɗaya. A sama kuwa buɗe su yana jan jirgi baya, rufe su yana ƙona kan silinda, don haka kullum cikin daidaitawa kake. A R-2800 kada zafin kan silinda ya wuce digiri 260 ko da wajen tashi ne, a tafiya kuma ka riƙe shi kusa da 200.

Me ya sa jirgina ke cin titi sosai a Jos, amma a Legas yana tashi da wuri?

Tsayi da zafi. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang yana kan tsayin ƙafa 4,200 da 'yan kai daga teku. Na Nnamdi Azikiwe a Abuja ƙafa 1,100 ne da ɗoriya, na Legas kuwa kusan a bakin teku yake. A ma'aunin da masu ƙera jirgi ke lissafi da shi, zafin da ya dace da tsayin Heipang wajen digiri 7 ne. To ka ɗauki la'asar ɗin Maris, digiri 30. Kowane digiri ɗaya na ƙari daidai yake da ƙarin ƙafa 120. Ka lissafa 23 sau 120, ka tara da 4,200: jirginka ji yake kamar daga tsayin ƙafa 7,000 yake tashi. Iska ta yi shara-shara, fiffike bai sami abin riƙewa sosai ba, farfela ma haka.

Maganinsa ka rage kaya ko mai, ka yi amfani da titin tun daga farkonsa, kada kuma ka fizgi hancin jirgi kafin gudun ya kai. Ko ka tashi da sassafe. Sannan ka tuna duwatsun Shere da ke gabas da gari sun kai wajen ƙafa 6,000, kada ka juya ta can cikin gajimare kana ƙasa-ƙasa.

DC-3 yana kwace mini hagu da na fara gudu a titi. Sandata ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Jirgi ne mai ƙaramar taya a jela, nauyinsa yana bayan manyan tayoyin, don haka kullum jelar neman wucewa gaba take yi. Ka miƙe a kan titi, ka kulle tayar jela, ka tura totur a hankali. Lokacin da jelar ta ɗaga, juyin farfela zai ja hancin hagu, sai ka tare da ƙafar dama tun kafin ya yi nisa, da taɓi ƙanana masu sauri. Wajen mil 85 a awa zai bar ƙasa da kansa. Wajen sauka ma ka dira a kan manyan tayoyi biyu, ka bar jelar ta sauko a hankali, kada ka saki feda sai jirgin ya tsaya cak.

Ba GPS, yaya zan san inda nake?

Da kamfas da agogo da taswira da rediyo. Mu ɗauki Jos zuwa Kano. Nisan ya kusa mil 145 na teku, alkiblar kuma wajen digiri 352, wato arewa da ɗan karkata yamma. Mun yi sa'a a Najeriya, bambancin arewar kamfas da arewar taswira ƙanƙani ne ƙwarai. A gudun DC-3 tafiyar awa guda ce. Ka hau ƙafa 8,500, domin jirgin ba shi da matsin iska a ɗaki, ba a son a wuce 10,000 da fasinja.

Sai iska. Ka ce tana busowa daga gabas da mil 15 a awa, kai kuma kana gudun 150. Ka raba 15 da 150, ka ninka da 60, ka sami 6. Sai ka karkata hanci digiri 6 wajen iskar, ka riƙe 358. Ka rubuta lokacin da ka tashi, ka rubuta lokacin da kake sa ran ganin kowace alama. Babbar alamarka a wannan hanya madatsar ruwa ta Tiga ce, kudu da Kano. Ranar da ka ga ruwan nan ya ɓullo a gabanka daidai mintin da ka rubuta a takarda, za ka gane abin da ya sa muke wannan wahala. In kuma ka same ka a gefe, akwai ƙa'idar ɗaya cikin sittin: kaucewar mil 1 bayan tafiyar mil 60 digiri 1 ke nan.

Rediyo iri biyu ne. Tashar VOR, tsakanin megahaz 108 da 118, tana gaya maka a kan wane layi kake daga gare ta, in tana da DME kuma har nisan za ta ba ka. Tashar NDB kuwa allura ce kawai ke nuna inda take, ita ma hadari yana ruɗa ta. Kowace tasha tana aika sunanta da ƙarar Morse. Saurara ka tabbatar kafin ka bi allura. Manhajar Little Navmap kyauta ce, za ta nuna maka tashoshin da mitocinsu. Ka shirya hanyarka a cikinta, sannan ka kashe alamar da ke nuna inda jirginka yake.

Hanyar Abuja ta fi gajarta, wajen mil 100, amma ta fi kyan gani: gangaren Filato, sannan daga nesa Dutsen Aso da Dutsen Zuma.

To laifi ne in kunna GPS ɗin da aka saka a ciki?

Ba laifi ba ne. DC-6 da suka yi saura suna jigilar kaya a Alaska ma da shi suke aiki. Amma ni a ganina, in ka bi jan layi a allo ka bar rabin jirgin a ƙasa. Ka bar shi a kashe, ka kunna in ka ɓace ƙwarai.

Kullum ina isowa filin jirgi da tsayi da gudu fiye da kima. Ina matsalar?

Ka makara wajen fara gangarowa. DC-6 ba shi da birkin iska irin na jet, kuma ba a yarda ka ja totur baya gaba ɗaya ba. In ka yi haka iska ce za ta riƙa juya farfela, farfela ta juya inji, nauyi ya koma ta inda ba a gina injin ya ɗauka ba, ga kuma sanyi da zai bugi silinda farat ɗaya. Ƙa'idar da aka saba: kada incin matsi ya gaza juyi in an raba shi da 100. Juyi 2,200, matsi kada ya sauka ƙasa da inci 22.

Duk direban babbar mota da ya san Hawan Kibo, tun kafin ya kai bakin gangaren yake sauya giya. Haka nan ma. Ana sauka ƙafa 500 a minti. In kana cin mil 4 a minti, kowace ƙafa 1,000 za ta ci maka mil 8. Wanda ya taso daga Legas a tsayin ƙafa 15,000 zai sauka Abuja, yana son ya iso kusa da fili a ƙafa 3,000, yana da 12,000 da zai zubar. Mil 96 ke nan, ka ƙara 10 na rage gudu. Tun yana nesa da mil 100 da wani abu ya kamata ya fara.

Kuma ka duba agogon tsayi. Matsin iskar da ake saita shi da shi, a rahoton yanayin filayenmu da ma'aunin hektofaskal yake zuwa, tsofaffin jiragen Amurka kuwa da inci suke karɓa. 1013 daidai yake da 29.92.

In kunna yanayi na gaskiya, ko in bar sama tas?

Makonnin farko ka bar ta tas. Bayan nan ka kunna na gaskiya, domin rabin aikin matuƙan da kokawa da yanayi ne. Hazon hunturu yana iya rufe ƙasa har ka kasa ganin titi sai kana kansa, dole ka koyi sauka da allura, ka kuma ɗauki man da zai kai ka wani filin in abin ya ƙi. Da damina kuwa, hadarin la'asar na Filato ba a ratsa shi da DC-3, kewaye shi ake yi, ko a jira a ƙasa. A cikin gajimare ka riƙa duban zafin iskar kafireto, in ya kusa sifili ka ba shi ɗumi kafin ƙanƙara ta toshe shi.

Ba na ɗaukar wannan ɓangare da wasa. Ranar 24 ga Yunin 1956 jirgin BOAC ƙirar Argonaut ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Kano cikin hadari, mutum 32 suka rasu. Ranar 22 ga Janairun 1973 kuma Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya san wannan ba zai riƙa kifar da jirgi da gangan don dariya ba, ko a kwamfuta ne.

In inji ɗaya ya mutu a sama fa?

Ka fara riƙe jirgin, ya miƙe. Ƙafar da ba ta aiki a kan feda, ɓangarenta ne injin ya mutu. Ka ja totur ɗinsa baya ka tabbatar shi ne, sannan ka danna maɓallin da ke juya fukafukan farfelarsa su fuskanci iska da kaifinsu, ta daina juyawa tana jan ka baya. Ka rufe masa mai da wuta. DC-6 yana tafiya lafiya da inji uku. DC-3 mai kaya da inji ɗaya a zafin Heipang kuwa, da ƙyar zai riƙe tsayi, don haka ka juyo fili ba tare da ɓata lokaci ba.

Injiniyan jirgi na manhaja da PMDG suka saka a DC-6 don ya riƙa kula da injina, amfani da shi ragwanci ne?

Ko kusa. Babu kyaftin ɗin da ya taɓa tuƙa DC-6 shi kaɗai. Ka bar masa totur wajen tashi da sauka, lokacin da hannunka da idonka suke da aiki. Amma ka riƙa kallon abin da yake taɓawa, in an kai sama kuma ka sallame shi ka karɓi injinan da kanka.

Tafiya ta yi tsawo, ga lokacin salla ya yi, ko an aiko kirana. Yaya zan yi?

Akwai maɓallin dakatarwa, danna shi ka tashi. Dabarar da ta fi ita ce ka zaɓi hanyar da ta dace da lokacinka. Jos zuwa Kaduna ko Bauchi ko Abuja duk suna shiga tsakanin Isha'i da barci, har da tada inji da kashe shi. Saurin lokaci da ake ƙarawa yana rikita lissafin mai da zafin inji a wasu jiragen, ban cika son sa ba.

Zan iya magana da masu kula da zirga-zirgar sama na gaskiya?

Da mutane na gaskiya masu sa kai, e, a dandalin intanet na VATSIM ko IVAO, kuma kyauta ne. Da Turancin jirgi ake magana, kuma abin alfahari, duk sararin samaniyar Najeriya da sunan Kano aka san shi a taswirar jiragen duniya. Kada ka shiga sai ka iya riƙe tsayi da alkibla ba tangarɗa. Ka rubuta a takardar tafiyarka cewa da VOR da NDB kake aiki, don kada a ba ka hanyar da sai mai GPS. A can ba a dakatar da jirgi, in uzuri ya taso sai ka nemi izini ko ka fita.

Wani ya ce zai tura mini jirgin kyauta a filashi.

Kada ka karɓa. Haƙƙin mutane ne da suka shafe shekaru suna aikin, kuma irin waɗannan kwafi su ne ke shigo da ƙwayar cuta kwamfuta, ga shi ba sa karɓar gyara. Na san dala ta yi tsada. Ka jira ragin ƙarshen shekara, ka sayi jirgi ɗaya, ka zauna a kansa wata shida. DC-3 ɗin da ya zo da manhajar ma bai ƙare maka ba tukuna.

Wannan zai sa in zama matuƙin jirgi?

Shi kaɗai, a'a. Lasisi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, yake fitowa, bayan gwajin lafiya da karatu da awoyin tashi na gaskiya a makaranta irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Kujerar ɗaki ba ta koya wa jiki yadda iska ke ɗaga jirgi. Amma yaron da ya iya lissafin iska da mai, ya san karanta VOR, ya saba bin jerin dubawa layi-layi, ya shiga aji da guzuri mai kyau. Iyayen da ke ganin ɗansu a kan wannan abu, su duba takardar da ke gefensa, za su tarar lissafi da labarin ƙasa yake yi.

Bayan DC-6, sai me?

Sai jet na da. Fokker F28 na Just Flight a manhajar Microsoft shi ne na fi ba ɗan Najeriya shawara, domin irinsa ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin biranenmu a shekarun 1970, kuma da VOR ɗin da ka riga ka koya ake tuƙa shi. A X-Plane akwai Boeing 727 na FlyJSim da 747-200 na Felis, dukansu da kujerar injiniya. A 747 za ka haɗu da na'urar INS, wadda ke lissafa inda jirgi yake daga motsinsa ba tare da tauraron ɗan'adam ba. Kana shigar mata da lambobin wurin da kake tsaye, ka jira ta daidaita jirgin bai motsa ba, kuma zango 9 kacal take riƙewa a lokaci guda. In za ka yi jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda, sai ka riƙa goge zangon da ka wuce kana shigar da na gaba, tun daga sararin Chadi har ka ƙetare Sudan da Bahar Maliya.